Wa Ke Damunmu?

Shekarar da aka turo ni Bunkure aikin malamin gona, manoma suka gargaɗe ni cewa ba a buɗe ƙofar ruwan da ke gindin tsamiya da tsakar rana sai an yi sallama. Na yi dariya. Duk bokon da na sha, bishiya zan gaisar?

Ranar da tumatir ya fara yaushi, na je ni kaɗai da tsakar rana na murɗa ƙarfen buɗe ƙofar, ban ce uffan ba. Kwaɗi suka yi tsit. Ko ganye ba ya motsi. Sai wata murya ta fito daga ƙarƙashin kwalbati, a hankali: "Wa ke damunmu?"

Sallama uku na rangaɗa, na zura da gudu, na bar takalmana a taɓo.

Da la'asar wani dattijon makiyayi ya kawo mini su, rigarsa sharkaf. Ashe a inuwar kwalbatin yake barci. Sai dai ya rantse shi bai yi magana ba.

Har yau in na shiga kasuwa, sai wani ya maƙale murya a bayana: "Wa ke damunmu?" Ni kuwa sallamar ce ke riga ni fitowa.