Rasuwar Muryar da ke Saukar da Jirgin Mainasara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da sallamawa ga hukuncin Mai kowa Mai komai, Kyaftin Mainasara na Wurno yana sanar da 'yan uwa, abokan arziki da manoman shinkafa na fadamun Wurno, Rabah da Goronyo rasuwar abokiyar tafiyarsa, na'urar da ke faɗa masa tazarar da ta rage tsakanin jirginsa da ƙasa idan zai sauka, wadda aka fi sani da Baturiya. Ta rasu ranar Talata da almuru a filin jar ƙasa da ke bayan Dinawa, bayan jinyar da ba ta kai wuni ba.

Marigayiyar ba ta fi sabulun wanki girma ba. Injiniya Zakiyya ce ta zo daga Kaduna ta dasa ta a ƙarƙashin fiffiken hagu na ƙaramin jirgin feshin Kyaftin, ta ja waya har cikin abin da yake sawa a kunne, ta bar mata ido guda na gilashi yana kallon ƙasa. Da za ta tafi ta ja masa kunne cewa ko saƙar gizo-gizo kada a bari ta rufe idon nan. Da Turanci ta faɗa, su biyu a cikin jirgi. Iliyasu mai gadin fili yana can gindin dogon yaro yana dama fura, ba wanda ya ga dacewar a kira shi.

Mutane sun ɗauka burga ce ta matuƙa jirgi. Ba burga ba ce. Hawan jinin ido ya fara cin ganin Kyaftin ta gefe-gefe, aikinsa kuwa feshin tsuntsayen jan baki ne, su kuma ba a samunsu sai sun koma makwanci da yamma lis. Kullum da almuru yake dawowa, lokacin da sama da ƙasa suke zama masa launi ɗaya. Da hukuma ta ji, da lasisinsa ya tafi, mutumin nan kuwa tun yana saurayi bai iya komai ba sai tashi. Sai ya yi shiru, ya mayar da kunnensa ido. Wauta ce, mu abokansa mun kuma faɗa masa, amma bayan aikin gama ya gama.

Muna shaidar marigayiya da gaskiya da kame baki. Ba ta taɓa magana ba sai ƙasa ta matso. "Fifti," za ta ce, da muryar nan tata mai sanyi. "Toti. Twenti. Ten." Idan ta ce "Faif," saura ƙafa biyar ke nan, sai Kyaftin ya rage wuta ya ɗaga hancin jirgi, tayoyi su taɓa ƙasa kamar an ajiye ƙwai. Ta san asirinsa, ba ta taɓa fesa wa kowa ba. Damina uku suka yi tare ba a ji kansu ba.

Sanadin ajali ya faro ne daga dajin bayan Shinaka, inda 'yan bindiga suka harbi jirgin, harsashi ya huda jela. Labari ya kai kunnen mahaifiyarsa, Inna Kyauta, tsohuwar da ba ta taɓa kiran sunansa ba don shi ne ɗan fari. Ta kwana uku ba ta ci abin kirki ba, sannan ta sa aka ɗinko laya a jar fata, ta aika aka kira Iliyasu.

"Ka ɗaure mai wagga ga jirgi, inda ba shi gani," in ji ta. "In ya gani cirewa za shi yi, ɗan boko na."

Iliyasu ya duba ya duba, ya sami zoben da ake ɗaure jirgi a ƙarƙashin fiffike, taku ɗaya a gaban idon Baturiya. Ya ɗaure tamau, ya bar igiya da ɗan tsawo. Da yamma Kyaftin ya kewaya jirginsa kamar kullum, ya wuce ta gefen layar bai gan ta ba.

Suna tashi iska ta kwantar da layar baya, ta riƙa shafar idon. A saman madatsar Goronyo marigayiyar ta fara sambatu, ta ce "Faif" sau biyu sannan ta yi tsit. Kyaftin ya ɗauka waya ce ta saki. Da ya juyo gida ta ce "Fifti" daidai, har ya yi ajiyar zuciya. Sai kuma ta ce "Faif." Kalmarta ta ƙarshe ke nan. Ya yarda da ita kamar yadda ya saba, ya rage wuta alhali yana tsayin giginya. Jirgi ya faɗo kamar buhun albasa daga kan tirela, ƙafar hagu ta karye, fiffike ya daki ƙasa da Baturiya a ƙarƙashinsa. Kyaftin ya fito da karayar haƙarƙari.

Iliyasu ne ya tsinto layar a cikin tarkace.

"Ranka shi daɗe, ni na ɗaure ta. Inna tac ce..."

"Mi kag gani, Iliyasu? Ba ka ga komi ba. Kai mata abinta."

Masu bincike suka zo daga Abuja. Da Kyaftin ya ce wani abu ne ya rufe idon na'ura, da ya tsira da lasisinsa, a sayo wata Baturiyar a ci gaba. Amma da an tafi da Iliyasu, da kuma tsohuwa ta ji cewa da hannunta ta kusa kashe ɗanta. Ya kalli inda muryar masu binciken take fitowa, ya ce laifin idanunsa ne. Bai yi ƙarya ba, da mai ido ne da ya ga jar fata tana lilo. Aka gwada shi, aka karɓe lasisin a makon.

Marigayiyar ta bar abin kunne guda wanda ba mai magana a cikinsa, da guntun waya, da jirgi mai ƙafa ɗaya da aka lulluɓe da tampol. Ta bar shinkafar fadama ta kai ƙosawa jan baki suna sauka a kanta kamar hayaƙi, mutane sun koma kaɗa gwangwani. Ta kuma bar Kyaftin, wanda yanzu yake laluben dakalin ƙofar gidansu da ƙafa kafin ya taka. Ba ya kuka a gaban mutane, amma rashin ya karya shi.

Za a binne ta ranar Asabar bayan la'asar a ƙarshen filin Dinawa. Babu wanka babu salla, mun tuntuɓi liman ya yi mana kallon da ya dace da mu. Iliyasu ya roƙa a bar masa haƙa ramin, an bar masa.

Zaman makoki a gidan Inna Kyauta ne a Wurno. Da boko aka rubuta wannan sanarwa, ita kuwa ba ta karanta boko, don haka wanda ya karanta ya kama bakinsa. Duk wanda ya shiga za ta nuna masa layar ta ce, "Kun gani ko? Ba don wagga ba, da gawa anka kawo min." Ana roƙon masu ta'aziyya su amsa da alhamdulillahi. Kyaftin zai kasance zaune a gefenta, shi zai fara amsawa.