Alhaji Iska Yake Tarawa

Da na sayo tsohuwar mota daga Konni, na ji injinta yana fito. A teburin mai shayi na sanar cewa fiton nan alama ce turbo gare ta, na'urar da ke tura wa inji iska don ƙarin ƙarfi. Har darasi na bayar: 'yar'uwarta sufacaja bel ke juya ta, nan take take ja, turbo kuwa sai hayaƙin salansa ya taru take tashi.

Na gayyaci Sani ɗan kabu-kabu tsere zuwa Garu. Muna tashi ya ɓace mana da gani. Motata ta riƙa rarrafe har amalanken shanu ya wuce mu. Na ce wa abokaina da ke cikin motar, "Iska take tarawa."

Da na kai ta gareji, makanike ya leƙa injin ya ce, "Turbon mi, Alhaji? Tiyo ne ya huje, shi ke fito."

Har yau, in na yi nauyin tashi daga tabarma, sai matata ta ce wa baƙi, "Ku yi haƙuri, Alhaji iska yake tarawa."