Rasuwar Iya, Firintar Shagon Uwar Tawada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma tashin zuciyar da har yau bai lafa ba, mai shagon buga takardu na ƙarƙashin benen nan na kan kwana, wadda aka fi sani da Uwar Tawada, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da duk masu kawo mata aiki rasuwar Iya, babbar firintar shagon. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan teburin da ta yi rayuwarta, bayan wulaƙancin da bai dace da mai shekarunta ba.

Marigayiyar ta shigo shagon tun mai gidan Uwar Tawada yana da rai. Shi ya sayo ta a gwanjon wani ofis da ya rufe, sai da ƙarti suka taru kafin a iya ɗora ta kan tebur. Ruwan toka ce, amma gefen da ke kallon taga ya koma rawaya saboda rana. Sakatare, dattijon da ke buga rubutu a shagon, shi ya raɗa mata Iya, domin ba ta son a gaggauta ta da safe. In an kunna ta sai ta ja dogon numfashi, "mmmm", ta gyara murya, "ƙas, ƙas", sannan ta kama aiki, "shaa, shaa, shaa", har a tashi. In takarda ta ƙare, "tiit" ɗaya take yi ta yi shiru. Ba ta da mita.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta. Ba ta zaɓen takarda, mai kauri da mara kauri duk nata ne. Ta buga katin gayyata, ta buga takardar neman aiki, ta buga kundin ɗalibai masu zuwa a makare suna roƙo. Shekara da shekaru ita ke buga jarabawar makarantar da ke tsallaken titi, kuma wannan aikin shi ne ƙashin bayan shagon. Takardunta da ɗumi suke fitowa. Bayan rasuwar mai gidan, akwai safiyoyin da Uwar Tawada kan ɗora tafin hannunta a kan takardun nan ta daɗe ba ta ɗauke ba, Sakatare kuwa ya yi kamar bai gani ba. Da gumin Iya aka yi wa 'yar gidan karatu, da shi aka kai ta ɗakin miji.

Ba a ce ba ta da nata halin ba. Takan ja takarda biyu a lokaci guda in ranta ya ɓaci, ƙofarta ta hagu kuma ba ta rufuwa sai an taimaka mata da gwiwa. Iyalin sun yafe mata.

Ya kamata jama'a su sani cewa Iya ba ta yi jinya ba. Masu ciwon su ne kwamfutocin shagon. Tsarin da ke tafiyar da su ya tsufa, waɗanda suka ƙera shi sun daina kula da shi, kowane filash da ɗalibi ya kawo sai ya bar musu cuta, wasu takardun ma ba sa buɗuwa. Mijin 'yar Uwar Tawada, wanda ke aikin kwamfuta a wani kamfani ake ce masa Injiniya, ya ba da shawarar a mayar da su sabon tsari. Gaskiya ya faɗa, ita ma ta yarda. Abu ɗaya ta tambaye shi: shin Iya za ta zauna lafiya da sabon tsarin? "Ba matsala, Mama," in ji shi, idonsa na kan waya.

A makon ne aka kwantar da ƙanwar Uwar Tawada a asibitin wani gari, ita kuma ta tafi jinyarta, ta bar masa makulli. Jinyar ta ja lokaci.

Ranar da ta dawo, ba ta gane shagonta ba. Kwamfutocin sun yi fes, suna gaishe ta da fara'ar da ba ta roƙa ba. Sai ana tsakiyar aikin mutum su ɗauke, su rubuta cewa a jira kada a kashe su, mai aiki na tsaye yana duba agogo. Sakatare, mutumin da ke buga shafi guda ba tare da ya kalli yatsunsa ba, ta same shi ya kusa manna hanci a gilashi yana neman inda aka kai maɓallin da ya saba dannawa. A kan teburin Iya kuma ga wata 'yar farar aba, ƙarama, mai walƙiya, ta ƙi buga baƙin rubutu wai don tawadarta rawaya ta ƙare. Jarabawar makaranta kuwa tuni an kai wani shago, domin 'yar gayun ba ta iya ɗaukar nauyin ba. Ta tambayi inda Iya take. Sakatare ya nuna ƙofar baya da haɓa.

A lungu ta same ta, gefen kwatar da gidan abincin maƙwabta ke zubar da ruwan wanke-wanke. An yafa mata kwali, ruwan sama ya jiƙa shi ya narke a jikinta. Masu haɗa kwamfutocin da Injiniya ya kawo sun mayar da ita teburin cin abinci kafin su tafi. Ga shatin yatsu na maiƙo a murfinta, ga ƙasusuwa, ga guntayen taba, wani har ya manna cingam a kan fitilarta. Ƙudaje suka tashi da ta matso. 

Da yamma ta je gidan 'yarta. Injiniya ya gaishe ta da ladabi, ya bayyana mata cewa sabon tsarin bai san Iya ba, ba ya jin yarenta. Sannan ya ƙara da abin da ya tsaya mata a rai har yau: "Ai da an bar kwamfuta ɗaya a tsohon tsarin, da za ta ci gaba da aiki. Amma sai wurin ya zama wani iri, Mama. Dama lokacinta ya yi." Ashe ya sani. Saboda kyan gani aka fitar da mai lafiya bakin kwata. Maganganu suka taso mata har bakin leɓe. Sai ta dubi 'yarta da ke zaune a gefe da tsohon ciki, idonta na kai da komo tsakanin uwa da miji. Ta haɗiye. Ta ce a gaida gida, kamar ita ce mai gidan, ta ɗauki jakarta.

Ranar Talata ta zaƙulo tsohuwar kwamfutar mai gidanta daga ƙarƙashin gado, wadda ba wanda ya taɓa sabunta ta. Ita da Sakatare da mai gadin bene suka ciccibi Iya suka mayar da ita teburinta. Tun a hanya suka ji wari, kowa ya ɗauka na kwata ne. Da ta ja aljihun takarda sai ga abin. Ɓera ta haihu a ciki. 'Ya'yan jajaye, ba gashi, suna motsi a cikin yagaggun takardu da kashi da fitsari. Can ciki, kusa da inda Iya ke ɗumama takarda, wani babban ɓera ya maƙale ya mutu ya kumbura. Sakatare ya fita da gudu, aka jiyo shi yana amai a bakin titi. Mai gadi ya tuna ya bar ƙofa a buɗe.

Uwar Tawada ta ɗaura leda a hannu ta kwashe komai ita kaɗai, tana ɗauke numfashi, tana fita tana dawowa. Ta goge, ta fesa turare, ta sake gogewa. Ta ga wayoyin da aka gwaguya, ta san abin da ta gani, duk da haka ta haɗa ta da tsohuwar kwamfutar ta kunna. Iya ta ja numfashi, "mmm". Ta ce "ƙas", sau ɗaya. Ƙaurin ƙonannen gashi ya cika shagon, fitilar ta mutu. A allon tsohuwar kwamfutar kuwa ga sunan Iya ya fito, an gane ta, an rubuta cewa a shirye take.

Marigayiyar ta bar na'urar rufe takarda da leda, wadda suka yi zaman tebur ɗaya, da tsohon almakashin yankan takarda, da tawadar da ba ta kai ga shanyewa ba, wadda ba ta shiga jikin kowa sai nata. Ta bar Sakatare, wanda ya fara maganar komawa gida ya huta. Ta bar Uwar Tawada, wadda har yanzu take wanke hannu kafin ta zauna da bayan ta tashi, take kuma jin warin a hancinta ko tana ɗakinta. Iyalin ba sa lissafa 'yar farar da ke kan tebur cikin magada. Saboda ita ne ma aka rubuta wannan sanarwa da biro.

Ana godiya ta musamman ga 'yar gidan. Washegarin rasuwar ta shigo shagon ta sami uwarta tana goge gawar da tsumma, domin uwar ta rantse ba za a fitar da Iya da maiƙon wasu a jikinta ba.  'Yar ta ajiye jaka, ta durƙusa da ƙyar, ta karɓi tsumman ta kama ɗaya gefen. Uwar ta ce ta tashi, warin bai dace da mai ciki ba. Ta ƙi. Da farcenta ta kankare cingam ɗin. Sai da suka gama ta ce, "Mama, na gaya wa mai gidana abin da kika tarar a cikinta. Duka na gaya masa, yana cin abinci."

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a ƙofar shagon. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da kurarsa, an kuma roƙe shi ya shimfiɗa buhu, kada ya wurga ta a kan gwangwanaye. Ana karɓar gaisuwa a shago, a tsaye, domin kujerun na masu jiran kwamfuta ta gama sabunta kanta ne. Wanda ya san zai ce ai ƙarfe ne kawai, ko ya ce sabuwa ta fi, ya yi zamansa a gida, an karɓi gaisuwarsa.

Injiniya ya aiko matarsa da roƙon a bar shi cikin masu ɗaukar gawa. Uwar Tawada ta kwana biyu ba ta ba da amsa ba, sannan ta amince, albarkacin 'yarta da abin da ke cikinta. Shi zai riƙe ɓangaren aljihun takarda. An sanar da shi cewa warin bai gama fita ba, kuma ba za a raba safar hannu ba.

Ya ce ya ji.