Ɓarawon Wutar Motata

Kullum da safe batirin motata a mace, sai maƙwabta sun tura ni. Da na gaji, na naɗe hannun riga na ce ni zan kama ɓarawon wutar nan, ai ba yau na fara riƙon mota ba. Na zare fiyus, na cire rediyo, na sake batiri. A banza.

Ashe tunda ragon da na ɗauko daga Kebbe ya ɓalla makullin but, da igiya nake ɗaure murfin, bai rufuwa sosai, fitilar ciki na kwana a kunne. Maiɗakina ce ta leƙa bayan motar da dare ta ce, "Malam, wagga fitila ta but, don wa kaka barin ta kunne?"

Har yau in na gaida maƙwabta, amsarsu guda: "Ta tashi, ko mu taso?"