Ranar da Na Ƙwanƙwasa Keke

Ranar akwai ni, da ɗana Sale, da Malam Iro mai walda. Sale ya kawo keken alminiyam daga Rano, irin mai naɗewar nan, yana shawarar saye. Malam Iro ya duba gaɓar ya ce, "Hajiya, waldar nan ba ta kama ba."

Ni da na shekara talatin ina zaɓa wa amare tukwane? Na ƙwanƙwasa keken da zobena, na kasa kunne, na ce, "Lafiyarsa lau. Saya."

Ya saya, ya hau. Bai kai ƙauyen Fammar ba keken ya rabe biyu. Da ƙafa ya dawo, rabi a kowace kafaɗa.

Washegari na fito shara, na tarar da magidanta uku da kekunansu a ƙofar gida. "Hajiya, a ƙwanƙwasa mana!"

Na koma ciki da tsintsiyata. Har yau ba su daina ba.