Rasuwar Ɗan Mai Jirgi, Wanda Ba A Nuna Mana Gawarsa Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta kwanta da bayanin da aka yi mata ba, ni Mutawakil Husseini, dillalin ɗakunan haya a Maamobi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Nima da Kanda har zuwa unguwar Malam rasuwar fim ɗin gidanmu, wanda muke kira Ɗan Mai Jirgi. Sunansa na Indiya bai taɓa zama a bakina ba, shi ma bai taɓa riƙe ni da wannan ba. Ya bar mu ranar Talata tsakanin azahar da la'asar, a cikin talabijin ɗin falo, babu zazzaɓi babu tari. Na kira ta rasuwa ne don haka kamfanin da ke riƙe da shi yake so mu ɗauka. Gawa dai har yau ba mu gani ba.

Marigayin ya girmi yawancin masu karanta wannan sanarwa. Na fara saninsa a gidan silima na Nima, wanda yau ya zama coci, lokacin da nake neman auren Ayishetu. Tana zaune a gaba da yayarta, ni ina baya, rabin fim ɗin ƙeyarta na kalla. Daga baya ya biyo mu gida a kaset, kaset ya tsufa ya koma faifai. Duk ɗakin da muka ƙaura, yana cikin kayan da ake fara saukewa.

Mai haƙuri ne. A zamaninsa na faifai bai taɓa tambayar data ba, bai taɓa tambayar wane ne kai ba kafin ya buɗe baki. In aka ɗauke wuta ya yi shiru ya jira, in ta dawo ya ɗora. Ya yi mana renon yara. Ya sha sasanta ni da matata Hajiya Ayishetu, domin in muka saɓa, sa faifan nan shi ne ban haƙurina, ita ma jawo kujera shi ne yafewarta, babu wanda ya zubar da girmansa.

Tun da ciwon suga ya tafi da idon Hajiya, da kunne take kallonsa. Kullum bayan la'asar. Jirgin ya yi kuuu daga nesa, ta ce, "To, ga tsohon nan zai sauko, maƙaryaci." Ganga ta fara, dum taka dum, ta gyara zama. Marin da ake yi wa mugun a gefen rijiya, fau, tun bai sauka ba take cewa, "Ƙara masa." Ba ta zuwa kasuwar Makola yanzu, ba ta zuwa suna sai an riƙe mata hannu. Wannan fim ne kaɗai wurin da take shiga ita kaɗai ba ta yi tuntuɓe ba.

Ga yadda ya fita hannunmu. 'Yarmu Shamima ta kawo mana sabon talabijin, siriri, wanda ba shi da ramin da tsohuwar na'urarmu za ta shiga. Faifan ma ya fara tsalle a wajen waƙa. Ta nemo fim ɗin a intanet, ta nuna mini wurare biyu da ake dannawa, ta ce wannan haya, wannan saye. Ni da gashina ya yi fari a tsakanin masu gida da 'yan haya, ba a koya mini bambancin waɗannan biyu. Na ce ta sake karantawa. Ta ce, "Baba, saye aka rubuta." Na ce danna saye. Da masu kondem suka zo lungunmu suna sayen tsofaffin ƙarafa, na'urar ta bi su, faifan yana cikinta. Ba na zargin Shamima. Abin da aka rubuta ta karanta.

Yanzu da nake tunani, an daɗe ana shirya masa. Wata rana zoben nan mai juyawa ya tsaya a tsakiyar allo ana tsaka da waƙa. Wata rana a ce mu sake shigar da lambar sirri, kamar mu baƙi ne a falonmu. Sai aka canza hotonsa, aka tura shi can ƙasa, bayan finafinan da ba mu taɓa gaisawa da su ba. Ranar Talata na duba, babu shi. Ko gurbinsa ba a bari ba, na kusa da shi sun matso sun cike wurin kamar fasinjan motar trotro in mutum ya sauka.

Shamima ta rubuta musu. Wata mai suna Zelia ta amsa tun yarinyar ba ta ɗauke yatsa ba, ta ce ta fahimci yadda muke ji. Ban yarda Zelia mutum ce ba. Ɗan Adam ba ya fahimtar baƙin cikin wani da wannan sauri. Ta ce yarjejeniyarsu da masu fim ɗin ce ta ƙare, kuma mun amince da hakan a cikin ƙananan rubutu. Nan na gane. Ashe ɗan haya ne ya sayar mini da gida. Na ga irin wannan a sana'ata, fili ɗaya a sayar wa mutum uku, amma wanda ya yi hakan in ya hango ka yakan sake hanya. Waɗannan ko gezau. Washegari ma sai ga su suna nuna mana wasu finafinai, wai tunda muna son wancan za mu so waɗannan. Mamaci bai yi sanyi ba ana tallata mana magaji.

Abin da ya ƙara mini zargi shi ne maganar Issaka mai gyaran firiji, maƙwabcina. Ya rantse ya ga marigayin da ransa a Kanda, a gidan surukinsa. A ƙasar nan mun saba jin an binne mutum, daga baya wani ya gan shi a Kumasi yana tsaron shago da sabuwar mata. Na je da ƙafata. Fuskarsa ce, jirginsa ne, yana zaune a gidan wani kamfani ana karɓar masa haya wata wata. Amma da ya buɗe baki sai Turanci. An cire muryoyinsa an sa na wasu, doguwar waƙar kuma an datse ta a tsakiya. Da da ido Hajiya ke kallo, da na haɗiye fushina na biya. Ga mai kallo da kunne, wannan baƙo ne ya sa rigar mamaci.

Ya rasu ya bar matar gida Hajiya Ayishetu, da ni, da Shamima wadda ta daina haɗa ido da ni ba gaira ba dalili. Ya bar rimot, da talabijin mai finafinai dubu da babu na kallo, da fankon faifansa mai hoton jirgi a jiki. Ya kuma bar kuɗin wata da ake cira a wayar Shamima, wanda ke nan cikin ƙoshin lafiya, ko mura bai yi ba.

Ga tsarin zama. Ba za a yi salla ba, ba mu zautu ba, fim ne. Ba za a kafa rumfa ba, ba teburin gudummawa, kada kowa ya wahala da goro. Za a karɓi gaisuwa ranar Asabar da hantsi a bencin ƙofar ofishina, kusa da mai sayar da koko. Duk wanda ke da tsohon akwati a ƙarƙashin gado, ko ɗakin da ake jibge kayan iyaye, ya bincika kafin ya taho. Faifai muke nema ko kaset, mai muryarsa ta asali, ko ya karce. Mai tsohuwar na'ura ya zo da ita da wayoyinta, Issaka ya ce zai san yadda zai haɗa. Wanda zai ce yana da shi a intanet ya zauna a gida, mun gode.

Roƙona ɗaya, kada a je gida yin gaisuwa. Ba a faɗa wa Hajiya ba. Mara lafiya ba a jefa mata mutuwa haka kawai, don haka na ce mata netwok ne, ana gyara. Ko da yake ita ma na fara zarginta. Ta daina tambaya. Shekaranjiya bayan la'asar na dawo na tarar ta ja kujerarta gaban talabijin a kashe, tana rera doguwar waƙar a hankali, har da wurin ganga tana bugawa a gwiwa. Da ta ji takalmina a ƙofa ta yi shiru, ta ce, "Alhaji, yaya netwok ɗin naka?" Na ce ana kai. Ta ce Allah ya taimaka musu.

Saboda haka duk wanda ya samo faifan, ya kawo mini benci a nannaɗe, ni zan shiga da shi. In kun haɗu da ita a lungu kafin nan, ku gaishe ta kamar kullum.