Yadda Na Tsadantar Wa Kaina Injin Casa

Ba zan taɓa mantawa da abin da taubashina Ɗanlami ya yi mini ba. Ya tona mini asiri a wajen ɗaurin aure, a gaban rabin mutanen unguwarmu, alhali kunnena yana kusa da bakinsa, da ya so sai ya raɗa mini.

Injin casar masara ne ya jawo. Na gaji da biyan haya duk kaka, ga shi mai injin sai ya gama da manyan manoma kafin ya tuna da gonata ta hanyar Kazage. Sai Ɗanlami, wanda fataucin hatsi yake yi, ya ce mini wani kamfani a Kaduna zai rufe, sun sa kayansu gwanjo a intanet, har da injin casa mai lafiya. Ya ce zai shiga mini da sunansa, tunda ya saba.

"Faɗa mini iyakarka," in ji shi. "Abin da ba za ka iya wucewa ba."

Ni da na girma a kasuwar kara, ban taɓa jin inda mai saye ya fara da faɗin ƙarshen kuɗinsa ba. Ya yi ta bayani: wai iyakar a ɓoye take, ba wanda ke gani, na'urar gwanjon za ta taya mini mafi ƙarancin abin da zai sa in kasance a gaba, in wani ya ƙara, ita ma ta ƙara kaɗan a madadina, har a kai iyakar. Na ce masa na gane. (Ban gane komai ba. Amma mutum ba ya cewa taubashinsa ya maimaita.) Na faɗa masa duk abin da nake da shi, har kuɗin takin bana a ciki.

Washegari ya tafi Kakangi sayen masara, inda waya ba ta shiga. Nan raina ya ɓaci. Wane irin dillali ne zai bar ciniki a buɗe ya yi tafiya? Na ce ai ni ma na yi aji uku a sakandare. Na hau tudun bayan tasha inda sabis yake ɗan kamawa, na buɗe shafin da sunana, na nemo injin. Kuɗin da aka taya bai kai rabin iyakata ba, kuma wanda ke gaba an ɓoye sunansa da taurari. Na ce shi ke nan, Ɗanlami ya yi barci wani ya shige.

Na taya. Kafin in ɗaga yatsa, an ɗara ni. Na sake, aka sake ɗara ni, da ɗan abin da bai kai kuɗin buhun gishiri ba. Wannan ɗan ƙarin shi ya fi ci mini rai, don raini ne. Na ƙaddara wani Alhajin Kano ne a cikin mota mai sanyi, yana danna waya yana dariya. Na ce to, bari in nuna masa a Birnin Gwari ma akwai maza. Rana tana dukana, ina tayawa ina zagi, har masu kabu-kabu suka taru suna ba ni ƙarfi. Sai da na zo dab da ƙarshen kuɗina na tsaya. Na ce injin ya tafi, amma wallahi Alhaji zai ji a jikinsa.

Ranar Asabar aka ɗaura auren 'yar limaminmu. Muna zaune kan tabarmi ana rabon goro, ina ba da labari da babbar murya, yadda na sa attajiri ya sayi tsohon inji da kuɗin sabo. Sai ga Ɗanlami, ƙurar hanya har gira, ya tsinci wutsiyar labarin.

"Bawana, albishirinka," ya ce. "Mun samu injin. Sai dai wani mara aikin yi ya shigo ya yi ta tura kuɗin sama, saura ƙiris ya cinye iyakarka. Da babu shi, da rabin kuɗin muka ɗauka, don ba kowa a cinikin sai mu biyu."

Na ji goron bakina ya koma kamar ƙasa. Ɗanlami ya dube ni, ya dubi fuskokin mutane, ya ce, "Wace rana ka ce kun kara da Alhajin naka?"

Wani ya amsa masa a madadina, don yana tudun a ranar. Ɗanlami ya zaro waya ya miƙe tsaye, kamar mai sanarwar sadaki.

"Jama'a, ku gaisa da Alhajin Kano," ya ce, yana nuna ƙirjinsa. "Ina daji ina awon masara, na'ura tana tsare wa wannan bawan nawa injinsa, shi kuma yana kan tudu yana yaƙi da aljihunsa."

Har liman sai da ya rufe baki da hannun riga. Wani dattijo ya tambaye ni, cikin ladabi, ko a cikinmu biyu wa ya yi nasara.

Injin yana nan yana aiki, ba laifi. Masarar bana dai ta tashi ba taki, gajeruwa kamar ni. Abin da na koya shi ne, in ka ba wani wakilci ka zauna a gida, in kuma ba ka gane magana ba ka ce a sake, ko da daga bakin maƙiyinka take fitowa.

A ranar ɗaurin auren, da aka watse na tare Ɗanlami a ƙofar masallaci, na ce masa, "Wautar tawa ce, na biya ta da kuɗina, ba wanda ya taya ni. Amma kai ka ga ɗan'uwanka tsirara ka kira mutane kallo. Injin nawa ne, Ɗanlami. Ranar da za ka kawo masararka casa, kai ma sai ka faɗa mini iyakarka tukuna."